Ruwa tsantsa da bututunsa a masana'antar ƙera aisi: amsa ga mai ruwan leda

Tambaya

Wani mai masana'antar ruwan leda a Sabon Garin Zariya ya aiko da wannan tambaya a kan ruwan da ake amfani da shi wajen ƙera aisi (IC), wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke cikin waya da kwamfuta: "Na ji an ce masana'antun da ke ƙera aisi na waya da kwamfuta suna amfani da ruwa mai yawan gaske, kuma wai ruwan nasu ya fi wanda muke sha tsabta nesa ba kusa ba. Ni ina da injin RO da fitilar UV, kuma ruwana ya cika sharuɗɗan NAFDAC. Shin irin nawa suke amfani da shi? Sannan me ya sa ake cewa bututun da ke ɗaukar ruwan yana da tsadar gaske, alhali a ganina bututu bututu ne?"

Amsa

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi a sana'a. Ba irin ruwanka suke amfani da shi ba, ko da yake injin RO mai matsa ruwa ta tantani don cire gishiri da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta da ka ambata duk suna cikin kayan aikinsu. Inda kai ka gama aiki ka tura ruwa zuwa injin ɗaurin leda, su a nan suke ganin share fage kawai suka yi. Dalilin kuwa yana ga manufa. Ƙa'idar ruwan sha tana duba abin da zai cutar da jikin ɗan Adam ne, saboda haka ba ta damu da ɗan kalsiyam ko magniziyam da ya rage a ciki ba, hasali ma su ne ke ba ruwa ɗanɗanonsa. Mai ƙera aisi kuwa yana ɗaukar duk abin da ba ruwa ba a matsayin datti, ko gishiri ne, ko iska ce da ta narke a ciki, ko gawar ƙwayar bakteriya da fitilar UV ta riga ta kashe. Irin wannan ruwan shi zan riƙa kira ruwa tsantsa.

Hanya mafi sauƙi ta gane nisan da ke tsakaninku ita ce a duba yadda ruwan ke barin lantarki ya ratsa shi, domin gishirin da ya narke a ruwa shi ke ɗaukar lantarkin. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta yarda har zuwa maikrosimens 1,000 a kowace santimita, wato ma'aunin yadda ruwa ke ɗaukar lantarki. Injin RO mai lafiya yana cire kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari na gishirin, don haka idan ka tsoma mitarka a ruwan da ya fito daga cikinsa, mai yiwuwa ka ga adadi tsakanin 5 da 20, gwargwadon ruwan rijiyarka. Ruwa tsantsa kuwa yana tsayawa ne a 0.055. Ma'aikatan wannan fanni sun fi son juya lissafin su faɗi tirjiyar da ruwan ke yi wa lantarki, sai su ce megaohm-santimita 18.2 a zafin digiri 25. Ba a iya wuce wannan adadi komai kuɗin da aka kashe, domin ruwa da kansa yakan tsage kaɗan-kaɗan ya fitar da ayon, wato ƙwayoyi masu caji, na haidirojin da na haidiroksaid, kuma su ne ke ɗaukar ɗan ragowar lantarkin. Masanin kimiyya ɗan Jamus Friedrich Kohlrausch da abokin aikinsa Heydweiller sun kusanci wannan iyaka tun a 1894, ta hanyar dafa ruwa da tara tururinsa sau da dama a cikin kwalaben da aka zuƙe wa iska. Abin da suka samu ɗan kaɗan a ɗakin gwaji, shi ake bukata yau tan dubbai a kowace rana.

Sai dai mitar lantarki tana da iyakarta, kuma masana'antun zamani sun daɗe da wuce ta. Ana auna dattin wannan ruwa ne da kashi ɗaya cikin biliyan, wani ma kashi ɗaya cikin tiriliyan. Domin ka kama girman abin, kashi ɗaya cikin biliyan daidai yake da a zuba giram ɗaya na gishiri a cikin ruwan da zai cika tanka 30 irin ta dakon mai mai cin lita 33,000, kashi ɗaya cikin tiriliyan kuma giram ɗayan nan ne a cikin tanka 30,000. Gishirin girki kashi ɗaya cikin biliyan yana sauko da tirjiyar ruwan daga 18.2 zuwa kusan 17.5, wato mita za ta iya ganinsa. Amma ƙarafa irin su baƙin ƙarfe da tagulla, waɗanda ake so su tsaya a 'yan kashi cikin tiriliyan, mita ba ta ma san suna nan ba, sai an kai samfur ga na'urar ICP-MS, wadda ke gano burbushin ƙarfe a ɗakin gwaji. Haka nan silika da boron da burbushin abubuwa masu rai, ba sa ɗaukar lantarki sosai, don haka ruwa zai iya nuna 18.2 cif amma ya lalata kaya.

Abin da ya sa ake wannan tsanani shi ne ƙanƙantar abin da ake ginawa. Ana ƙera aisi ne a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300, ana shimfiɗa abu, a zana, a ƙwaƙule da sinadari, a goge, a sake shimfiɗa wani, ɗaruruwan matakai da kan ɗauki kimanin wata uku. Bayan kusan kowane sinadari sai an ɗauraye faifan, kuma ruwa ne abu na ƙarshe da ke taɓa shi kafin ya bushe, saboda haka duk abin da ruwan ke ɗauke da shi a kan faifan zai zauna. Tsarin wankin da har yau ake ginawa a kansa shi ne wanda Werner Kern ya ƙirƙiro a kamfanin RCA na Amurka a 1965, aka wallafa shi a 1970: wanki na farko da ammoniya da haidirojin feroksaid don cire ƙura da maiƙo, na biyu da asid haidirokulorik da feroksaid don cire ƙarafa, kuma mafi yawan abin da ke cikin kowane haɗi ruwa ne. Layukan da ke cikin aisi na zamani faɗinsu nanomita 'yan gomomi ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali ƙwayar bakteriya guda ta kai kimanin nanomita 1,000, don haka idan ta kwanta a kan faifai tana iya rufe layuka masu yawa a lokaci guda. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, ƙurar da ta kai rabin faɗin layi ta isa ta kashe aisin da ta faɗa a kai.

Kowane datti kuma da irin ɓarnarsa. Sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya da gumin hannu, ya wahalar da masu ƙera taransista, wato ƙananan makunnan lantarki da ake gina aisi da su, a farkon shekarun 1960, har sai da masu bincike a kamfanin Fairchild, cikinsu da Andy Grove wanda daga baya ya shugabanci Intel, suka nuna a tsakiyar shekarun cewa shi ne ke yawo a cikin siririn gilashin da ke kan silikon yana sauya halin taransistar. Boron yana cikin sinadaran da ake sa wa silikon da gangan don a sarrafa yadda yake ɗaukar lantarki, don haka idan ya zo ta ruwa ba a gayyace shi ba, ya ɓata ma'auni. Silika tana barin tabo idan ɗigon ruwa ya bushe. Iskar oksijin da ta narke a ruwa tana sa silikon ya yi ɓawo inda ba a so, kuma tana cin siraran wayoyin tagulla. Akwai ma matakin da ruwan ke zama wani ɓangare na madubin na'ura, wato gilashin da ke tattara haske: a injinan zane na kamfanin ASML na ƙasar Holan masu amfani da haske mai tsawon zango nanomita 193, ana sa siririn ruwa tsakanin madubi da faifai domin ruwan yana tanƙwara hasken da ma'aunin 1.44, abin da ke ba da damar zana layi mafi siranta. Kumfa guda ko ƙura guda a wannan ruwan za ta fito a cikin zanen.

Yadda ake samar da ruwan ba zai yi maka wuyar fahimta ba, domin rabin farko aikinka ne na kullum. Ana tace ruwan gari ko na kogi da yashi, a bi da shi ta gawayi don cire kulorin wanda ke cin tantanin RO, a rage masa kalsiyam, sannan a tura shi RO, galibi sau biyu a jere. Daga nan ne hanya ta rabu. Ana zuƙe iskar da ta narke a ciki ta wani tantani da ke barin iska ta wuce amma ba ya barin ruwa. Ana haska shi da UV, amma ba irin taka kaɗai ba: taka mai nanomita 254 ce, aikinta kashe ƙwayoyin cuta, su kuwa suna ƙarawa da mai nanomita 185 wadda ke farfasa burbushin abubuwa masu rai su zama ayon da za a iya kamawa. Sai a bi da shi ta rezin, wato ƙananan ƙwayoyin roba masu kama ayon su saki haidirojin da haidiroksaid a madadinsu, ko ta na'urar EDI wadda ke yin wannan aiki tana sabunta rezin ɗinta da lantarki ba tare da asid da soda ba. Ana tara ruwan a tankin da aka cika samansa da iskar naitirojin don kada iskar waje ta taɓa shi. Daga tankin sai zagaye na ƙarshe: wata UV, wani zuƙar iska, sabon rezin da ba a sake wanke shi a wurin, da matata mai ramuka ƙanana ƙwarai. A bisa ƙiyasin da aka saba bayarwa, ana bukatar lita 1,400 zuwa 1,600 na ruwan gari kafin a sami lita 1,000 na ruwa tsantsa.

Da za a kafa irin wannan tsari a Zariya, abubuwa biyu ne zan fara aunawa kafin a sayi ko da ƙusa. Na farko silika, domin ƙasarmu tana zaune ne a kan tsohon dutse irin wanda ya fito fili a Kufena, kuma ruwan rijiyar burtsatse da ya daɗe yana kwance a cikin irin wannan dutse yakan ɗauko silika, ita kuwa tana toshe tantanin RO, kuma tana cikin abubuwan da ke fara kuɓuce wa rezin idan ya gaji. Na biyu yuriya. Ƙwayar yuriya ƙarama ce kuma ba ta da caji, don haka wani ɓangare nata yana ratsa RO, rezin ba ya kama ta, UV ma ba ya farfasa ta da sauƙi, kuma sananniyar matsala ce ga masana'antun aisi da ke ɗiban ruwa a yankin noma. Duk wanda ya san yawan takin yuriya da ake zuba wa masara a wannan yanki da damina, ya san ruwan da ke gangarowa kogin Galma a watan Agusta ba ɗaya yake da na watan Fabrairu ba. Wanda ya auna ruwa sau ɗaya da rani ya tsara injinsa a kai, damina za ta ba shi mamaki.

Yanzu ga batun bututu, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Ɗakin tace ruwa yana gefe guda, na'urorin da ke amfani da ruwan suna wani ginin ko wani bene, kuma tsakaninsu akwai ɗaruruwan mitoci na bututu da rassa da bawul. Bayan matata ta ƙarshe babu wani abu mai ƙarfi da zai sake gyara ruwan, sai 'yar matatar da ke bakin na'ura. Ma'ana, duk abin da bangon bututu ya saki, faifai ne zai karɓe shi. Kowane bututu a duniya yana sakin wani abu a cikin ruwan da ke binsa. A ruwan sha ba a lura domin abin da ke cikin ruwan tun asali ya ninka wanda bututun ya ƙara sau dubbai, amma a ruwan da aka riga aka kwashe wa komai, abin da bututun ya saki shi ne dattin gaba ɗaya. Shi ya sa a wannan fanni ake lissafa bututu cikin kayan tace ruwa, kuma ingancin da ake magana a kai shi ne wanda aka auna a bakin na'ura.

Bututun ƙarfe na GI da na tagulla ba a ma kawo maganarsu. Ƙarfe marar tsatsa, wanda masana'antun magunguna ke dogara da shi wajen ruwan allura, shi ma ba ya isa a zagaye na ƙarshe, domin yana sakin ɗan baƙin ƙarfe da nikel da kuromiyam, adadin da bai dami mai haɗa magani ba amma ya wuce iyakar mai ƙera aisi. Bututun PVC irin na gidajenmu kuwa ba roba zalla ba ne: ana haɗa shi da sinadaran da ke hana shi ƙonewa lokacin ƙira, waɗanda galibi na ƙarfe ne kamar kuza ko kalsiyam da zink, ana ƙara masa garin alli da launi, sannan gam ɗin da mai aikin famfo ke shafawa a mahaɗa yana ci gaba da sakin sinadarinsa a cikin ruwa tsawon lokaci. A shekarun baya masana'antun aisi sun yi amfani da PVC, amma da layuka suka ƙara siranta sai aka bar shi a matakan farko na tacewa, tare da bututun PP.

Abin da ya zama ruwan dare a zagaye na ƙarshe shi ne PVDF, roba ce da aka gina da kabon da haidirojin da fulorin. Falalarta ita ce ana iya narkar da ita a fitar da bututu ba tare da an ƙara mata komai ba, cikinta yana fitowa sumul ba inda ƙura ko bakteriya za su maƙale, kuma tana jure iskar ozon da ruwan zafi da ake tsabtace layi da su, domin ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 170. Kamfanoni kaɗan ne ke yin ɗanyen kayan, kamar Arkema na Faransa mai tambarin Kynar, kuma kaɗan ne ke mayar da shi bututu mai wannan daraja, kamar Georg Fischer na Suwizalan da AGRU na Ostiriya. Ana fitar da bututun a ɗaki mai tataccen iska, a toshe bakinsa biyu, a sa shi cikin leda biyu, kuma kowane kashi yana zuwa da takardar gwajinsa. Ƙungiyar masana'antun wannan fanni, SEMI, tana da ƙa'ida mai lamba F57 wadda ta tanadi a jiƙa samfurin robar a ruwa tsantsa mai zafin digiri 85 har kwana 7, sannan a auna abin da ya fita daga jikinta a kwatanta da iyakar da aka gindaya. A bakin na'ura da kuma layukan asid ana amfani da wata robar mai suna PFA, wadda ta fi jure sinadarai, kuma layin asid mai haɗari ana sa shi ne cikin wani bututun na biyu domin idan ya yi yoyo kada ya zubo a kan mutane.

PVDF ma tana da nata rauni, kuma injiniyan da bai san shi ba zai yi asara. Sabon bututu yana sakin ɗan fulorid a farkon aiki, musamman a layin ruwan zafi. Soda mai ƙarfi tana lalata shi. Sannan yana miƙewa da zafi kusan ninki goma na baƙin ƙarfe: layi mai tsawon mita 100 da aka ƙara wa zafin digiri 50 zai ƙara tsawo da fiye da rabin mita, don haka sai an bar masa lanƙwasa da maratayai masu ba shi damar motsi, in ba haka ba ya tsage a mahaɗa.

Mahaɗar kuwa ita ce wurin da aka fi samun matsala. Ka san yadda masu aikin famfo ke haɗa bututun PPR, su cusa bakinsa a ƙarfe mai zafi sannan su danna shi cikin soket. Idan ka yanka irin wannan mahaɗa za ka ga robar da ta narke ta yi tudu a ciki, da ɗan lungu a bayan tudun. A ruwan gida wannan ba komai ba ne, a ruwa tsantsa kuwa lungun nan maɓoyar bakteriya ce, kuma ƙarfen da ya taɓa robar ya bar mata nasa datti. Don haka ake amfani da walda iri biyu. A ta farko ana kusantar da bakunan bututu biyu ga faranti mai fitar da zafin infrared ba tare da sun taɓa shi ba, idan sun yi laushi a janye farantin a haɗa su da matsi da lokacin da injin ya ƙayyade, sai tudun ya fito ɗan ƙarami mai santsi. A ta biyu ana cusa wata 'yar jaka cikin bututun a hura ta daidai wurin mahaɗa, a dumama daga waje, jakar ta tokare robar da ta narke ta hana ta yin tudu, idan ya huce a sace iskar a zaro jakar, sai cikin ya zama kamar ba a taɓa yanka shi ba. Kowace walda tana da lamba, injin yana ajiye bayanin zafi da lokacin da aka yi ta da shi, ana rubuta wanda ya yi ta, kuma mai duba aiki yana haska ta da tocila, tunda PVDF tana barin haske ya ɗan ratsa ta. Mai walda ba ya taɓa cikin bututu da hannu, ba ya cire murfin baki sai lokacin haɗawa, kuma ana yin yanka da haɗi a cikin tsabtataccen ɗaki ko tanti. Duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina a Zariya, har cikin akwatin da aka kulle, zai gane cewa a nan wannan sharaɗin zai fi kowane wahalar cikawa.

Bayan kayan da haɗin, sai tsarin tafiyar ruwan, wanda ƙa'idarsa ita ce kada ya tsaya. Ana shimfiɗa layin ne a matsayin zagaye: ruwa ya fita daga ɗakin tacewa, ya bi ta gaban na'urori, kowace ta ɗebi abin da take so, ragowar ya koma tanki a sake tace shi, dare da rana, ko ana aiki ko ba a yi. Dalili shi ne an cire kulorin tun a farko, ba abin da ke kare ruwan, kuma akwai bakteriya irin su Ralstonia pickettii da ke iya rayuwa a ruwan da kusan babu abinci a cikinsa. Da zarar sun sami wurin da ruwa ya lafa sai su manne a bango su yi yauƙi, daga nan su riƙa sakin ƙwayoyi da burbushi. Saboda haka ake zaɓar faɗin bututu yadda ruwan zai riƙa gudu yana hautsinawa, ana gajarta kowane reshe da ruwa zai iya kwanciya a cikinsa iyakar iyawa, kuma ana amfani da bawul mai tantani, wanda ruwa ba ya taɓa sandarsa ko maiƙonsa, a maimakon bawul mai ƙwallo da ke ɓoye ruwa a bayan ƙwallon. Ko bayan an gama haɗa sabon layi, sai an yi makonni ana zagaya ruwa a cikinsa ana aunawa kafin a yarda ya taɓa faifai. Aunawar ma a cikin layin ake yin ta, domin idan ka tari ruwa tsantsa a kofi, nan da nan zai sha iskar kabon dayoksaid, tirjiyarsa ta faɗo daga 18.2 zuwa wajen 1. Wani abin sha'awa shi ne a wasu matakan ɗauraya da gangan ake mayar masa da ɗan kabon dayoksaid ɗin, domin ruwan da ba ya ɗaukar lantarki yana tara caji idan aka fesa shi da ƙarfi, kuma cajin yana iya ƙona taransista.

Layukan iskar gas kuwa akasin haka ne, a nan ƙarfe marar tsatsa samfurin 316L ake so, wanda aka goge cikinsa da lantarki, aka yi masa walda da injin da ke zagaya bututun da kansa ana hura iskar argon a ciki, sannan a gwada yoyo da iskar hiliyam.

Idan ka haɗa tsadar ɗanyen kayan, da ƙira a tsabtataccen ɗaki, da injinan walda na musamman, da ƙwararrun da aka horar aka ba su shaida, da takardun gwaji, ka sami amsar tambayarka ta biyu. Akwai kuma abin da ya ƙara matsa farashin a farkon shekarun 2020: masu ƙera batirin motocin lantarki suna amfani da PVDF a matsayin abin da ke riƙe garin batirin, sai suka shigo kasuwar da ƙarfi, sannan a 2023 ƙasashe biyar na Turai, Jamus da Holan da Denmak da Norwe da Suwidin, suka gabatar da shawarar taƙaita amfani da sinadaran PFAS, rukunin da wannan roba ke cikinsa.

Game da yawan ruwan da ka ji, gaskiya ne. Babbar masana'anta guda tana iya amfani da miliyoyin lita a rana, kuma kamfanin TSMC na Taiwan yana amfani da kimanin tan 150,000 a kullum a wajen 2019. Da fari mafi muni cikin fiye da shekara 50 ya afka wa tsibirin a 2021, gwamnati ta dakatar da ban ruwa a gonaki sama da hekta 70,000, kamfanonin aisi kuma suka koma sayen ruwa a tankoki. Singafo ta bi wata hanya: tun 2003 take tace ruwan da gari ya yi amfani da shi ta mayar da shi abin da ta kira NEWater, kuma masana'antun aisi suna cikin manyan masu sayensa. Wutar lantarki ma sharaɗi ce daidai da ruwan, tunda zagayen ba ya son tsayawa. Lokacin da tsananin sanyi ya katse wuta a jihar Texas a Fabrairun 2021, masana'antar Samsung da ke Austin ta shafe fiye da wata guda kafin ta koma aiki yadda ta saba. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin maganar kafa irin wannan masana'anta a Najeriya, inda har yanzu babu ko ɗaya, ba daga sayen na'urori za ta fara ba.

Za ka kuma ji ana cewa wanda ya sha wannan ruwa zai mutu domin yana zuƙe ma'adinan jiki. Wannan zuzutawa ce. Kofi ɗaya ba zai yi wa mai lafiya komai ba, sai dai ruwan lami ne, ba a tanade shi don sha ba, kuma asarar kuɗi ce a sha shi.

Abin da ya fi kusa da kai a wannan fanni shi ne matakin da ke tsakanin ruwanka da nasu, kuma yana da masu bukata a nan Zariya. Ɗakunan gwaje-gwaje na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, da asibitoci, da masu cajin batir da masu haɗa batirin sola, duk suna amfani da ruwan da aka cire wa gishiri, kowa da darajar da yake nema. Idan kana son gwada wannan kasuwa, ka ware reshe daga bayan RO ɗinka, ka sa masa tulun rezin mai gauraye, ka ɗora mitar lantarki a cikin layin bayan tulun, kuma daga nan zuwa bakin famfo ka yi amfani da bututun PP marar launi wanda aka haɗa ba da gam ba, gajere iyakar iyawa. Da haka za ka iya sauko da ruwan ƙasa da maikrosimens 1, wanda ya wadatar ga batir da wankin kwalaben gwaji da haɗa sinadarai na yau da kullum. Ka riƙa zuba shi a sabbin jarkoki masu murfi waɗanda ba a taɓa sa wani abu a cikinsu ba, ka rubuta ranar cikawa da adadin da mita ta nuna a jikin kowace, kuma da zarar ka ga adadin ya fara hawa ka canza rezin ɗin ba tare da jira ba, domin silika takan riga sauran gishirin kuɓucewa tun mita ba ta nuna komai ba. Ruwan wankin ƙoda da ruwan haɗa magani kuwa kowanne yana da tasa ƙa'idar da nasa izinin daban, kada ka sayar wa kowa ruwa da wannan sunan sai hukumar da abin ya shafa ta duba tsarinka ta amince.